KWANGILAR GWAMNATI DA AMANAR BAITULMALI

Gwamnati ita ce babbar mai saye a kowace ƙasa. Ita ke sayen maganin asibiti da kujerun makaranta, ita ke ba da aikin hanya da na gada. Kuɗin kuwa na jama'a ne, watau baitulmali, saboda haka duk wanda aka ɗora a kan sayayyar nan amana aka ba shi.

Malamai sun daɗe da bayyana iyakar wannan amana. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso, wai kyauta aka yi masa. Manzo ya tsawata, domin ba don muƙamin ba, da ba wanda zai ba shi. Haka kuma shari'a ta hana najashi, watau mutum ya ƙara wa kaya farashi ba da niyyar saye ba, sai don a yaudari wani. Haɗa bakin 'yan kwangila wajen tanda ɗan'uwan wannan ne.

To, yaya ƙasashe ke tsare wannan dukiya? A Nijeriya an kafa dokar sayayyar gwamnati a 2007, aka ɗora wa hukumar BPP alhakin sa ido. Dokar ta wajabta a yi shelar babban aiki a jaridu, a buɗe takardun tanda a bainar jama'a, a bai wa mafi rahusa cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Ta kuma haramta gutsuttsura kwangila don kauce wa bincike, ta tanadi ɗauri ga ma'aikacin da ya ci amana. Ghana ta riga yin tata dokar tun 2003.

Wasu ƙasashen sun bi ta hanyar na'ura. Koriya ta Kudu ta buɗe tsarin KONEPS a 2002, inda ake yin tanda ta intanet daga shela har biya. A Yukren, tsarin ProZorro ya zama wajibi a 2016, kuma kowa na iya duba wanda ya nemi aiki, da farashin da ya yanka, da wanda aka bai wa. Hikimar ita ce, abin da idon jama'a ke kansa yana da wuyar sacewa.

Amma fa doka ba ta tsare kanta. Idan mai ba da aiki ya karɓi kasonsa, ɗan kwangila zai fanshe a wajen siminti da rodi, ginin ya tsage, asibiti ya rasa magani. Talakan da bai san an yi ba shi ke biya. Saboda haka wajibi ne ma'aikaci ya mayar da kyautar da kujera ta jawo masa, ɗan kwangila ya cika aiki yadda aka yi alkawari, jama'a kuma su riƙa tambayar inda kuɗinsu ya shiga.

Allah Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, amin.