Daga Ina Geronmu Ya Fito?

Littafin Farawa, sura 4, ya nuna mana 'ya'yan Adamu biyu, ɗaya manomi, ɗaya makiyayi. Sana'o'in nan biyu su ke riƙe da mu har yau a ƙasar Dambatta da Bichi. Bari mu duba yadda hatsi ya shigo hannun ɗan adam.

Gero dai tun asali ciyawar daji ne. Ciyawar nan in ta nuna sai ta kakkaɓe 'ya'yanta ƙasa, mai tarawa ba ya samun kome sai kaɗan. Amma jefi-jefi akan sami zangarniyar da ta riƙe ƙwayarta. Ita ce ke isa gida, ita ce kuma ake shukawa baɗi. Haka mutanen dā suka yi ta yi, kaka bayan kaka, har zangarniya ta yi tsawo, ƙwaya ta yi girma, gero ya daina zuba da kansa.

Masu tonon tarihi sun tarar da alamun geron gida a kwarin Tilemsi cikin ƙasar Mali, na wajen shekara 4,500 da suka wuce. Na dawa kuwa kusa da Kasala, gabashin Sudan, na wajen shekara 5,000. Masara da gyaɗa da rogo baƙi ne, daga Amurka aka kawo su bayan 1492. Awaki da tumaki daga Gabas ta Tsakiya suka zo. Zabo kam namu ne na Afirka ta Yamma, ko da yake har yanzu bai gama sabawa da gida ba!

To, aikin nan bai ƙare ba. Kun san shibra, wadda ke tsirowa tare da gero, ta yi saurin nuna, ta zubar da 'ya'yanta tun kafin a yi girbi. Halin daji ke nan ya komo. Iska ce ke ɗaukar bununi daga wannan kara zuwa wancan, don haka shibrar da aka bari tana ɓata irin baɗi.

A ƙasarmu gonaki ƙanana ne, ba a hutar da su, takin da jaki ya kai kuwa da wuya aka tara shi. Ba ma ganin dalilin ciyar da shibra da shi. Mu cire ta kafin ta yi bununi. Mu zaɓi iri tun gero yana tsaye, mu ɗaure shi dabam, kada a haɗa shi da na ci a rumbu.