Kafin Ka Bari A Rarake Maka Kan Inji

Duk lokacin da aka yi tsere a filin Lusail, na babura ne ko na motocin Formula 1, kafin mako ya zagayo tambaya ɗaya ce ke ta shigo mini daga 'yan'uwanmu da ke neman halaliyarsu a Doha, direbobi da yaran gareji na unguwar Sana'iyya. Wai an ce idan aka sauke kan inji, aka sa girenda aka rarake ramukan da iska ke bi, aka goge su har suna ɗaukar ido, mota za ta ƙara ƙarfin doki hamsin, wasu ma su ce ɗari. Maganar ba ta tsaya a nan ba, don masu zuwa hutu suna kai ta gida, su ba makanikensu labari, shi kuma ya gwada a motar bawan Allah.

Gyaran kan inji don ƙarin ƙarfi aiki ne na gaske, kuma akwai gwanayensa a nan Qatar. Amma abin da nake gani ana yi da sunansa a yawancin wurare ɓarna ce da mai mota ke biyan kuɗinta da hannunsa.

Ba zan tsaya bayanin yadda fistin ke hawa da sauka ba. Wanda bai san wannan ba, ba shi da hurumin taɓa kan inji. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska wajen kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. Ƙara mai abu ne mai sauƙi. Shigar da iska shi ne aikin, kuma a nan ne masu girenda ke ɓata lissafi, don suna zaton faɗin rami shi ne yawan iska.

Ɗauki tiyon da kake wanke mota da shi. Idan ka matse bakinsa da yatsa, ruwa ya fita da ƙarfi ya kai nesa. Ka saki, ya zubo a gabanka. Haka iska take a ramin shiga. Gudunta ne ke sa ta ci gaba da cusa kanta cikin silinda ko da fistin ya gama sauka ya fara komowa. Da zarar an faɗaɗa ramin fiye da abin da injin ke iya ja, gudun ya mutu, silinda ba ta cika, motar da a da take fizgarka daga danja sai ta koma tana nauyi sai ka take totur har ƙasa. Mai ya ƙaru, ƙarfi ya ragu, an kuma biya kuɗi.

Masu kafa hujja da Lusail su lura da wannan. A 2021 Johann Zarco ya kai gudun kilomita 362.4 a awa kan babur ɗin Ducati a miƙaƙƙen layin filin nan, wanda tsawonsa ya ɗan haura kilomita ɗaya. Injin irin wannan babur yana juyi kusan 18,000 a minti, kuma a can sama yake rayuwarsa, shi ya sa manyan ramuka suka dace da shi. Nissan Patrol mai injin TB48, wadda matasan Larabawa ke ji da ita, a titi tsakanin juyi 1,500 da 3,000 take wuni. Ko a yashin Sealine, abin da ke fitar da kai daga gindin tudu shi ne ƙarfin ja tun daga ƙasa. Waɗanda kake gani suna tashin ƙura a filin tseren Qatar Racing Club ba kan inji kaɗai suka taɓa ba. Sun canza kamshaf, da fistin, da nozul, sun ɗora turbo, sun sake saita kwamfutar inji, kuma da yawa daga motocin a kan tirela ake kawo su.

Sai batun gogewa, wanda ya fi komai ba ni haushi, don shi ake nuna wa mai mota a waya ya yi ta murna. Ramin fitar hayaƙi, a goge shi, babu laifi, yana rage taruwar baƙin gawayi. Amma ramin shiga, a injin da mai ke haɗuwa da iska tun kafin su kai bawul, da kafireto ne ko da nozul, ba a son bangonsa ya yi santsi. Ɗan kaushin nan ne ke taimaka wa mai ya zauna a cikin iska. Bango mai sheƙi yana sa mai ya kwanta ya gangara ɗigo-ɗigo, ƙonewa ta lalace, fulogi ya yi baƙi. Sheƙi ido yake burgewa, injin bai san da shi ba.

To ina ribar take? Tana wani ɗan wuri da bai wuce tsawon gaɓar yatsa biyu ba: kwarmin da ke ƙarƙashin bawul, da lanƙwasar da iska ke karyawa kafin ta faɗa silinda, da mazaunin bawul kansa. Ka sa yatsa a kwarmin tsohon kai, za ka ji wani ɗan tudu inda zoben mazauni ya haɗu da jikin ƙarfe, da kuma layin da zubi ya bari tun daga masana'anta. Wannan ne ake sharewa a hankali, a daidaita, a tsaya. Sannan a yanka mazaunin da kusurwa uku, digiri 30 da 45 da 60, don iska ta zagaye bakin bawul ba tare da ta yi karo ba. Maƙogwaron da ke ƙasan mazaunin kuma a bar shi tsakanin kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na faɗin bawul. Murza bawul da man gurzawa a tafin hannu, kamar yadda muka koya muna yara a gareji, yana toshe yoyo ne kawai, ba ya maye gurbin yankan na'ura. Kuma idan bututun da sandar bawul ke bi ya ci har bawul na girgiza, duk wannan ƙawa aikin banza ne sai an canza shi tukuna.

Yanzu ga gargaɗin da nake so ya zauna a zuciyar kowa. Ƙarfen da girenda ta cinye ba ya dawowa. A bayan bangon ramin nan akwai hanyoyin ruwan lagireto, kuma a wasu wurare kaurin da ya raba su 'yan milimita ne. Mai rarake da ido ba ya ganin abin da ya rage. Wani lokaci yakan huda nan take, ya toshe da gam ya yi shiru. Wani lokaci kuma bangon ya yi siriri bai huje ba, sai mota ta yi wata biyu tana ɗaukar zafi tana hucewa, sannan ya tsage. Ka wayi gari ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, salansa na fitar da farin hayaƙi, baƙin mai ya yi fari-fari a jikin ma'auni. A lokacin babu sauran magana sai neman wani kai, kuma wanda ya yi aikin zai ce maka gasket ne. Na sake faɗa: abin da aka cire ya tafi ke nan. Yawancin gyara a mota ana iya kwance shi a mayar da na da, amma ba wannan ba.

Haka yake ga masu aske fuskar kai don ƙara matsi. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 45, kana ƙara matsi kana shan fetur mai lamba 91, mai zai riƙa fashewa kafin lokacinsa, ka ji ƙyas-ƙyas idan ka ɗauki hawa, ƙarshenta fistin ya narke inji ya buga. Askin kuma yana matso da bawul kusa da fistin. Shi ma siririn mazauni irin na 'yan tsere bai dace da mu ba, don yawancin zafin bawul ɗin hayaƙi ta mazauni yake bi ya fita. Ka rage faɗinsa fiye da ƙima, bawul ya ƙone. Mutane da yawa da ke kukan mota ta mutu a watan Yuli ba su san iska mai digiri 45 ta fi mai digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi 8 cikin 100 ba. Wannan ba ciwon kai ba ne, yanayi ne.

Idan motarka ta rage ƙarfi, fara da auna matsin kowace silinda, ka duba fulogi, da nozul, da matatar iska wadda ƙurar ƙasar nan ke toshewa da wuri. Kada ka yarda da mai ce maka a cire matatar don inji ya sha iska. Yashi zai sha. Idan duk waɗannan lafiya suke kuma har yanzu kana son ƙari, tambayi mai garejin abu uku. Yana da na'urar auna iskar da ke bi ta kowane rami, zai kuma ba ka sakamakon kafin aiki da bayansa a rubuce? Zai gwada kan da matsin ruwa ya tabbatar babu yoyo? Zai ɗora motar kan na'urar auna ƙarfi ya sake saita kwamfuta? In ya fara kame-kame, ɗauki makullinka.

Ga direbobinmu kuma, motar maigida amana ce, ba wurin gwaji ba ce, kuma duk canjin da ya sa hayaƙi ko ƙara suka wuce ƙima zai iya tsayar da ku a wurin gwajin Fahes ranar sabunta istimara, wato rajistar mota. Mai son gudu, filin Lusail kan buɗe wa jama'a a wasu ranaku, da hular kwano da motar asibiti a gefe. Titunan cikin gari na masu iyali ne. Ɗan'uwa, in dai motar zuwa aiki da cefane ce, a yanka maka mazaunin bawul da kyau, a share kwarmin, a bar sauran ramin yadda masana'anta ta yi shi.