Zuwa Ga Ɗiyata Mai Ƙirga Ambato

Ɗiyata, mahaifiyarki ta gaya mini kwanakin nan ba ki da sukuni, wai waɗanda kuka fara aiki tare sun wuce ki a yawan maƙaloli, kuma kullum da safe sai kin buɗe Google Scholar kin duba ko wani ya ambaci aikinki. Damuwarki tana da dalili. Kwamitin ƙarin girma a jami'o'inmu, ko na Birnin Kebbi, ko Aliero, ko Sakkwato, maƙaloli yake ƙirgawa, masu ba da kuɗin bincike irin su TETFund ma suna dubawa. Ba zan ce ki yi watsi da lissafin ba. So nake ki san iyakar abin da yake aunawa, don kada ya hana ki barci a banza.

Lambar h ɗin nan da take tayar miki da hankali, wani masanin fiziya ne a Kaliforniya, Jorge Hirsch, ya fito da ita a 2005. Idan aka ce taki goma ce, kina da maƙala goma ke nan da aka ambaci kowacce aƙalla sau goma. Iyakarta ke nan. Ba ta san ko an ambace ki don yabo ne ko don a ƙaryata ki ba. A 2014 mujallar Nature ta jera maƙaloli ɗari da aka fi ambata a tarihin kimiyya. Ta farko ita ce ta Oliver Lowry da abokansa ta 1951, kan hanyar auna furotin, an ambace ta sama da sau 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana surar DNA, ko cikin ɗarin ba ta shiga ba. Ambato yana bin abin da mutane suke ɗauka su yi aiki da shi yau da gobe, kuma akwai darasi a nan: ki rubuta hanyar gwajinki dalla-dalla, yadda ɗalibi a Zariya ko Yamai zai bi ta ya sami abin da kika samu.

Mutanen fanninki ma sun koka da irin wannan awo. A Disamban 2012, a taron ƙungiyar masana ƙwayoyin halitta ta Amurka a San Faransisko, editoci da masu bincike suka tsara sanarwar da ake kira DORA, suna roƙon a daina auna mai bincike da makin mujallar da ya buga a cikinta, a karanta aikin kansa. Katalin Karikó kuwa, rage mata matsayi aka yi a jami'arta a 1995 saboda ta kasa samo kuɗin bincike. Maƙalar da suka fitar da Drew Weissman a 2005 ba ta ja hankalin mutane da yawa ba a lokacin, sai ga shi a kanta aka gina allurar rigakafin korona, aka ba su kyautar Nobel a 2023.

Abin da ya fi damuna shi ne gajerun hanyoyin da gaggawa take buɗe wa mutum. Akwai mujallun da za su aiko miki da wasiƙa mai daɗin baki, ki biya dala, cikin 'yan kwanaki maƙala ta fito ba wanda ya tantance ta. Akwai masu yanka aiki ɗaya gida uku, da masu cewa sa sunana in sa naki, da masu ambaton juna ba gaira ba dalili. A Argungu, ranar gasar kamun kifi, ba wanda yake ƙirga 'yan ƙananan kifayen da ke cikin gora. Mafi nauyi ake ɗorawa a sikeli. Maƙala ɗaya mai ƙwari za ta tsaya miki inda tarkace goma ba za su tsaya ba.

Ki kiyaye hotunanki musamman. A fanninku hoto shi ne shaida: abin da kika hango a madubin ƙara girma, da layukan furotin da suka fito a gwaji. Kada ki bari kowa ya ce a ɗan goge nan, a ƙara haske can, ko a sake amfani da hoton wancan gwajin tunda kusan ɗaya ne. A 2016 Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba maƙaloli sama da 20,000, suka sami hotunan da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba a kusan kashi huɗu cikin ɗari. A 2023 kaɗai an janye maƙaloli fiye da 10,000 a duniya. Wanda aka janye wa maƙala saboda ha'inci, tabon yana bin sa har ƙarshen aikinsa. Idan an ɗauke wuta da dare firiza ta narke, ki rubuta hakan a littafin gwajinki da kwanan wata, ki sake gwajin ko da zai ci miki wata uku. Allah yana ganin abin da edita bai gani ba.

To, me za ki bincika? Na san abin da ake yayi a Turai da Amurka ya fi saurin jawo ambato, amma ki dubi jinin yaran da ke kewaye da ke. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, babu jihar da ta kai mu. Shi ya sa a Disamban 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin mai suna R21 a Kebbi da Bayelsa. Ga amosanin jini, wato sikila, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara a Najeriya. Cututtukan biyu a jar ƙwayar jini suke haɗuwa. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai ɗauke da rabin gadon sikila yana samun kariya daga zazzaɓin. Masu bincike na ƙasashen waje sai sun yi tafiya mai nisa su nemi abin da ke ƙofar gidanki, daga fadamar Ambursa har Argungu. Idan suka nemi haɗin gwiwa ki karɓa, don suna da na'urorin da ba mu da su. Sai dai tun kafin a ɗebi ɗigon jini ɗaya ku rubuta yarjejeniya: wa zai riƙe samfuran, wa zai rubuta, sunan wa zai zo a ina. Iyayen yaran kuma a yi musu bayani da Hausa har su gane, a koma a gaya musu abin da aka gano.

Ke ma kina da haƙƙin wasu a wuyanki wajen ambato. Malam Abdullahi na Gwandu littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Idan wani a Sakkwato ko Kano ya riga ki taɓa batun, ki ambace shi ko da a ƙaramar mujalla ya buga. Kada ki ambaci abin da ba ki karanta ba. Ma'aikacin ɗakin gwaji da ya kwana yana rainon ƙwayoyinki, da ɗalibar da ta ƙirga su, a sa sunansu inda aikinsu ya kai.

Maƙalar nan da kika ce an dawo miki da ita da gyare-gyare masu yawa, kada ki janye ta ki kai inda za a karɓa da sauri. Ki amsa wa masu tantancewar ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, inda suka yi gaskiya ki gyara, inda ba ki yarda ba ki kawo hujja. Idan ta fito ki aiko mini da ita a takarda. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa aikin ya amfani mutane. Ki gaida maigidanki da yara.