Darasin Uwargida: Fasadabur Da Baƙin Ƙwallonsa

Darasinmu na wannan fitowa a kan fasadabur ne, wanda wasu ke kira gwandar Masar, kodayake ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, Turawan Sifen da Fotugal suka kai shi Asiya. Dangin gwandar dajinmu ne.

Itacen ba ya yin girma sosai, bai cika wuce mita 6 ba, saboda haka tsakar gida ma ta ishe shi. In kin shuka ƙwallonsa, cikin shekara 3 zuwa 4 zai fara 'ya'ya da yardar Allah. Yana jure fari, amma ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa, kada ki dasa shi a bakin rariya. Kuma kin san hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya nuna cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne gare shi.

To, ga inda nake so ki natsu. Farin naman nan mai zaƙi abinci ne mai kyau, akwai bitamin C a ciki, amma baƙin ƙwallon guba gare shi. In yaro ya haɗiye guda ɗaya bai tauna ba, galibi fita yake yi yadda ya shiga. Matsalar sai an fasa shi. Don haka in za ki yi lemo, ki zauna ki cire ƙwallayen tas kafin ki zuba a bilenda. Na san akwai cin lokaci, amma haka nan za ki daure.

Abin da ya fi damuna shi ne masu daka ƙwallon su shafa wa yara a ka don kwarkwata. Eh, yana kashe ta, a Indiya ma an daɗe ana yi, kuma a can likitoci suka yi ta ganin masu zuwa da ido a ƙone. Garin ko ruwansa in ya gangaro ya shiga ido, sai raɗaɗi da ja da kumburi, ya ji wa baƙin idon rauni, har gani ya raunana. Yarinyar nan amana ce a hannunki, kuma akwai maganin kwarkwata a kemis.

In tsautsayi ya riga ya faru, ki yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon kamar minti 15, kada ki bari ta murza, kada ki ɗiga nono ko ki sa kwalli. Daga nan ki kai ta asibitin ido a ranar, ki tafi da sauran garin ki nuna wa likita.