CUTUTTUKAN KIFI: YADDA ZA KA GANE SU DA YADDA ZA KA MAGANCE SU

Manomi, tun da aka gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a shekarar 1978, ruwa ya samu rani da damina a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Bayan noman shinkafa da kayan lambu, waɗansu sun haƙa tafki a gefen gona, waɗansu kuma sun kafa tanki a tsakar gida, suna kiwon tarwaɗa da karfasa. Sana'a ce mai riba, amma fa cuta guda tana iya cinye wahalar wata biyar cikin mako ɗaya. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka gane ciwon kifi da wuri, da abin da za ka yi kafin ɓarna ta yi yawa.

FARA DUBA RUWA

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Yawancin ciwon kifi daga ruwa yake farawa. A cikinsa kifi ke numfashi, a cikinsa yake ci, a cikinsa kuma yake kashi. Idan ka cika wurin da kifi, ko ka zuba abinci fiye da kima ya ruɓe a ƙasa, ruwan zai lalace, jikin kifi ya yi rauni, sa'an nan ƙwayoyin cuta su sami hanyar shiga. Saboda haka kada ka ruga sayen magani tun ba ka sunsuna ruwan ba.

Lokaci biyu sun fi haɗari. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ruwa yakan yi ɗumi ƙwarai, iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa ta ragu. Da hunturu kuwa, cikin Disamba da Janairu, sanyin dare yakan rage wa kifi ci da ƙarfin jiki.

ALAMUN KIFI MARAR LAFIYA

Kowace safiya ka tsaya bakin tafki minti biyar kafin ka zuba abinci. Ka lura da waɗannan:

1. Kifi ya ƙi abinci, ko ya ware shi kaɗai a lungu.
2. Yana goga jikinsa a bango ko a ƙasa kamar mai ƙaiƙayi.
3. Karfasa sun taru a sama da asuba suna buɗe baki.
4. Tarwaɗa ta tsaya tsaye a ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ba ta motsi. Leƙowa ta ɗebi iska ta koma ba ciwo ba ne, halinta ke nan. Tsayuwar ita ce alamar ciwo.
5. Tabo, gyambo, kumburin ciki, ko zagwanyewar wutsiya da gashin baki.

Yadda kifi ke mutuwa ma yakan gaya maka dalili. In manya ne suka fara mutuwa, kuma da asuba, to, ƙarancin iska ne. In manya da ƙanana suka mutu gaba ɗaya cikin 'yan awoyi, har da kwaɗi, ka zargi guba, watau maganin feshi da ya biyo ruwa daga gona. In kuwa yau biyu, gobe biyar, jibi goma, wannan cuta ce mai yaɗuwa.

ABIN DA ZA KA FARA YI

1. Dakatar da abinci kwana ɗaya ko biyu. Yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi.
2. Zubar da sulusin ruwan ko rabinsa, ka zuba sabo a hankali.
3. Kwashe matattu ka binne su nesa. Kada ka jefa su a hanyar ruwa, maƙwabcinka na ƙasa da ita yake amfani.
4. Ware marasa lafiya a wani baho ko durom dabam.

Sau da yawa waɗannan huɗu kaɗai sun isa.

CUTUTTUKAN DA AKA FI GANI

Farin ɗigo. Za ka ga ƙananan fararen ɗigo-ɗigo a jiki da fikafikai kamar an barbaɗa gishiri. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke shiga fata. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta hayayyafa ɗaruruwa, 'ya'yan su sake kama kifi. Magani ba ya taɓa ta sa'ad da take cikin fata, sai ta fito. Don haka ba a maganinta rana ɗaya, kuma tankin duka ake yi wa. An fi ganinta da sanyi. Maganinta doguwar jiƙa a ruwan gishiri.

Ciwon auduga. Wani farin abu ne ko toka-toka kamar auduga ke tsirowa a inda kifi ya ji rauni. Yakan biyo bayan kamu da koma, ko ɗauko 'ya'yan kifi daga nesa. Maganinsa wankan gishiri da tsabtar ruwa.

Gyambo da kumburin ciki. Jan gyambo a jiki, ciki ya cika da ruwa, ido ya firfito, wutsiya da gashin baki su zagwanye. Wannan aikin ƙwayoyin cuta ne da ke ƙaruwa a ƙazamin ruwa. Canja ruwa, ka yi wankan gishiri. In bai lafa ba bayan kwana uku, nemi likitan dabbobi.

Fashewar kai. Tarwaɗa takan daina ci, ƙashin kanta ya tsage. Ana danganta wannan da ƙarancin bitamin C a abinci da lalacewar ruwa. Abincin da ya daɗe a ajiye cikin zafi yakan rasa bitamin ɗinsa. Sake abinci, ka sa bitamin C na dabbobi a ciki bisa ƙa'idar da aka rubuta a jikin ledar. Kada ka ba kifi dusa ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna, gubarsa tana lalata hanta.

Matsattsaku da ƙwarƙwatar kifi. Waɗannan ana ganinsu da ido, manne a jiki suna shan jini. Da ruwan gulbi suke shigowa, ko a jikin kifin da aka kamo. Sa raga mai ƙananan idanu a bakin bututun da ke kawo ruwa.

YADDA AKE AMFANI DA GISHIRI

Gishirin miya shi ne magani mafi sauƙi da arha. Amma a bi awo, kada a zuba da ka.

Wanka na ɗan lokaci: narka giram 200, watau kimanin gwangwanin madara ɗaya, a jarka ɗaya ta ruwa mai lita 20. Juye a baho, ka sa kifin minti 15 zuwa 20. Kada ka gusa daga wurin. Duk wanda ka ga ya fara birkicewa, maza ka cire shi ka mai da shi ruwa mai kyau. 'Ya'yan kifi rabin wannan lokaci ya ishe su.

Doguwar jiƙa: giram 3 ga kowace lita. Ke nan cokalin cin abinci 3 ga jarka, ko kilo 3 ga tanki mai lita 1,000. Narka shi a bokiti tukuna, ka kasa uku, ka zuba safe da rana da yamma. A bar kifi a ciki kwana 10 zuwa 14, ko da ɗigon ya ɓace kafin nan. Duk sa'ad da ka canja ruwa, ƙara gishiri daidai da sabon ruwan da ka zuba. Ruwan da ka zubar kuwa kada ya shiga fangalin albasa ko tumatir, gishiri na ɓata ƙasa.

KADA KA YI WAƊANNAN

Kada ka fasa kafso na mutane ka zuba a tafki. Ba ka san awonsa ba, kuma yin haka yakan sa ƙwayoyin cuta su saba da magani har ya daina aiki, ga kifi da mutum duka. In likita ya rubuta magani, ka tambaye shi kwana nawa za ka jira kafin ka sayar, ka kuma cika su.

Kada ka wanke injin feshi ko kwalbar maganin ƙwari kusa da tafki ko a hanyar ruwa.

Akwai masu ajiye ƙananan kifayen ado a akwatin gilashi, irin su gufi, wanda asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, aka kai shi ƙasashe da dama don yana cin tsutsar sauro. Shi ma farin ɗigo da ciwon auduga suna kama shi, gishiri kuma na yi masa aiki. Amma maganin kwalba da ake sayarwa don kifin ado ba na kifin ci ba ne. Waɗansu suna ɗauke da wani koren sinadari, malakayit, da ƙasashe da yawa suka hana sa wa kifin da mutane za su ci.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

1. Sabon kifi ya yi mako biyu a ware kafin ka haɗa shi da na da.
2. Ba da abincin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15 kawai.
3. Ruwan famfo ya kwana a buɗe kafin ka zuba.
4. Kowane tanki da komarsa da bokitinsa. In aro ka yi, wanke da ruwan gishiri ka shanya a rana.
5. Bayan ka kwashe kifi, bar tafkin ya bushe har ƙasa ta dare kafin ka sake zubi.

In abin ya fi ƙarfinka, ɗauki kifi biyu ko uku marasa lafiya da ransu, tare da kwalbar ruwan tafkin, ka kai wa malamin gona ko likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku. Mushen da ya kwana ba ya nuna komai. Ka gaya masa ranar da abin ya fara, nawa suka mutu kowace rana, da irin abincin da kake ba su. Allah ya ba da sa'a.