Toxapex Ba Ta Tashi Aiki Ba: Gyara Ga Masu Zaunar Da Garkuwa A Fili

Tun da kamfanin Game Freak na ƙasar Japan ya fitar da Pokémon Scarlet da Violet a watan Nuwamba na 2022, wata magana ta yaɗu a tsakanin masu karawa a fagen gasar mutum ɗaya da ɗaya, inda kowane ɗan wasa ke shiga da tawagar halittu shida, cewa Toxapex ta tashi aiki, kuma duk wanda ya saka ta a tawagarsa ya ɓata gurbi guda. Masu wannan magana suna kafa hujja da abubuwa na gaskiya, amma hukuncin da suka gina a kansu kuskure ne, kuma kuskuren ya samo asali ne daga rashin fahimtar aikin garkuwa, wato halittar da ake ɗauka domin ta shanye hare-haren abokin karawa, ta kuma share wa sauran tawaga hanya. Galibin waɗanda ke kuka da Toxapex a yau, a da ma ba su iya sarrafa ta ba, yalwar kayan aikinta ce kawai take rufa musu asiri.

Toxapex ta fara fitowa ne a Pokémon Sun da Moon na shekarar 2016, wanda shi ne zubi na bakwai na wasan, kuma ta haɗa jinsi biyu, guba da ruwa. Alƙalumanta na asali sun bayyana abin da aka yi ta dominsa: 152 a kariya daga harin jiki, 142 a kariya daga hari na musamman, amma 50 kacal a jini, wato ma'aunin lafiyar da idan ya ƙare halitta ta faɗi, sai 63 da 53 a ƙarfin hari, da 35 a sauri. Jinsinta yana rage rabin illar hare-hare iri takwas, waɗanda suka haɗa da wuta, da ruwa, da ƙanƙara, da ƙarfe, da dambe, yayin da iri uku ne kawai ke ninka mata rauni, su ne ƙasa, da lantarki, da ƙarfin tunani. Wannan tsari ne ya sa ta zama ginshiƙi a rukunin OU na Smogon, ƙungiyar da ke tsara dokokin wannan gasa, rukunin halittun da aka fi amfani da su, a zubi na bakwai da na takwas.

Abin da ta rasa a zubi na tara, wato na Scarlet da Violet, ba ya buƙatar dogon bayani. An ƙwace mata Scald, harin ruwan zafi mai yiwuwar ƙuna kashi 30 cikin 100, wanda yake raba ƙarfin harin jikin abokin gaba biyu idan ƙunar ta kama. An ƙwace mata Knock Off, mai kakkaɓe kayan da halitta ke riƙe da shi. Sannan Recover, dabarar da ke mayar mata da rabin jininta, an rage yawan amfani da ita a wasa guda daga sau 16 zuwa sau 8. Hasara ce ta gaske, babu mai musu.

Sai dai ba a taɓa abin da ya mayar da Toxapex garkuwa ba, wato baiwarta mai suna Regenerator, wadda ke mayar mata da kashi ɗaya bisa uku na jininta duk lokacin da aka janye ta daga fili aka shigo da wata. Lissafin a fili yake ga duk wanda ya zauna ya yi shi. A mataki na 100, idan an zuba mata cikakken horo a jini, Toxapex tana da maki 304. Recover ɗaya tana mayar da 152, amma tana cinye zagaye guda, kuma tana rage ɗaya daga cikin takwas ɗin da ake da su. Janyewa tana mayar da 101, ba ta da iyaka, ba ta ƙarewa, kuma a lokaci guda tana shigo da halittar da ta fi dacewa da abin da ke gaba. Wanda ya janye ta sau uku a wuraren da suka dace ya samu kusan cikakken jini ba tare da ya taɓa rumbunsa ba. A da, Recover 16 suna nufin maki 2,432 na waraka, adadin da ke ba wa rago damar zama yana danna maɓalli ɗaya har abokin karawa ya gaji. Yanzu 1,216 ne, kuma wannan ya wadatar da mai lura, bai wadatar da mai almubazzaranci ba.

A nan ne gargaɗin da ya fi kowane muhimmanci yake: kada a bar Toxapex a fili don kawai ba ta mutu ba. Tsawon ran garkuwa ba shi ne ma'aunin amfaninta ba, ana auna ta ne da abin da tawaga ta samu a zagayen da ta saya. Idan ta shigo ta shanye hari, ta yi aiki ɗaya, ko ta sa guba, ko ta shimfiɗa tarkon da ke cutar da duk halittar abokin gaba da ta shigo fili, ko ta goge ƙarin ƙarfin abokin gaba, to aikinta na wannan shiga ya ƙare, kuma abin da ya rage shi ne fita. Duk zagayen da ta ƙara bayan haka tana warkar da kanta a gaban halittar da ba ta iya cutarwa, kyauta ce aka miƙa wa abokin karawa. Mutane da yawa suna ɗaukar janyewa a matsayin gazawa, alhali Hausawa sun riga sun faɗa cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Mai wasan da jinin Toxapex ɗinsa ya sauka zuwa kashi 60 cikin 100, ya kuma danna Recover alhali yana da abokiyar da za ta iya shigowa lafiya, ya yi asara biyu: ya ƙona waraka ɗaya da zai nema a ƙarshen wasa, ya kuma bar abokin karawa ya zaɓi wanda zai shigo ba tare da ya biya komai ba. Recover ta halatta ne a wuri biyu, idan babu wata a tawaga da za ta iya karɓar harin da ke tafe, ko kuma idan dole ne Toxapex ta tsaya domin ita kaɗai ce ke riƙe da wata barazana. Ban da waɗannan biyun, a fita.

Dalilin wannan tsanani shi ne irin halittun da ke cin gajiyar zagayen banza a zubi na tara. Kingambit da Gholdengo duk suna da jinsin ƙarfe, don haka guba ba ta kama su, kuma kowannensu na iya ninka ƙarfin harinsa a zagaye guda, na farko da Swords Dance, na biyu da Nasty Plot. Gliscor kuwa guba ma magani ce a gare ta saboda baiwarta ta Poison Heal, ga kuma Earthquake da ke faɗa wa Toxapex a inda take da rauni. Garganacl tana da Salt Cure, harin gishiri da ke cin kashi ɗaya bisa takwas na jini a kowane zagaye, amma ga jinsin ruwa da ƙarfe yana cin kashi ɗaya bisa huɗu, wato maki 76 a jikin Toxapex, kuma ba ya sauka sai an janye ta. Wanda ya nace wa Recover a ƙarƙashin gishirin nan yana zubar da rabin kowace waraka tun kafin a lissafa harin da za a kai masa. Heatran ta fi su duka haɗari ga mai jinkiri, domin Magma Storm tana ɗaure halitta a fili na zagaye huɗu zuwa biyar, Taunt tana hana ta duk dabarar da ba hari ba ce, sannan Earth Power ta gama aiki. Idan aka bari ɗaurin ya kama, Regenerator ba ta da sauran amfani.

Game da zaɓin dabaru huɗu, biyu ba su da muhawara a mafi yawan tawagogi, su ne Recover da Haze. Haze tana goge duk wani ƙarin ƙarfi ko raginsa a ɓangarori biyu, kuma ita ce ke hana Toxapex zama tsanin da masu ninka hari ke takawa. Amma ya kamata a tuna da saurin nan na 35: kusan kullum ita ce ta ƙarshe a motsi, saboda haka sai ta shanye harin da aka ninka kafin hazon ya tashi, kuma wanda ya jira sai abokin gaba ya ninka sau biyu ya makara. Gurbi na uku na guba ne, ko Toxic ko tarkon guba na Toxic Spikes. Gurbi na huɗu kuwa dole ne ya zama hari, kamar Surf, ko Chilling Water da ke rage ƙarfin harin jiki da mataki ɗaya, ko Infestation da ke ɗaure abokin gaba yayin da guba ke aikinta. Har yanzu ana ganin masu shiga gasa da dabaru huɗu marasa hari, kuma Taunt ɗaya ta isa ta tilasta wa irin wannan Toxapex yin Struggle, wanda ke cin kashi ɗaya bisa huɗu na jininta a kowane bugu. Baneful Bunker, kariyar da ta keɓanta da ita mai sa guba ga duk wanda ya taɓa ta, tana da kyau wajen leƙen abin da abokin karawa ke shirin yi, amma ba ta kai a sadaukar da Haze dominta ba.

Ita ma gubar ana yi mata mummunar fahimta. Toxic tana cin kashi ɗaya bisa 16 a zagaye na farko, biyu bisa 16 a na biyu, haka take hawa, ta yadda bayan zagaye biyar an ci 15 bisa 16, kuma na shida yana kashewa idan babu waraka. Amma da zarar wanda aka sa wa ya fita ya dawo, lissafin yana komawa farko. Ƙwararren abokin karawa ba zai tsaya zagaye shida ba, don haka amfanin gubar na gaske shi ne tana iyakance tsawon zaman da halitta za ta iya yi a fili, tana tilasta musanya, kuma kowace musanya tana jefa wata a kan tarkon da aka shimfiɗa. Mai jiran guba ta kashe masa halitta shi ne dai mai zaunar da garkuwa, da wata riga.

A ɓangaren kayan riƙo, Black Sludge tana mayar da maki 19 a kowane zagaye, wanda bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da tarko ke ci. Stealth Rock tana cire maki 38 a kowace shiga, shimfiɗa uku ta Spikes tana cire 76, jimilla 114, wato fiye da 101 ɗin da Regenerator ke mayarwa. Ma'ana, a filin da ya cika da tarko, kowace fita da dawowa hasara ce. Shi ya sa Heavy-Duty Boots, takalmin da aka shigo da shi a Sword da Shield na 2019 mai kare halitta daga tarko, ya fi dacewa da salon shiga da fita, sai dai idan tawagar tana da amintaccen mai share fili, a nan ne za a iya duba Rocky Helmet da ke cin kashi ɗaya bisa shida na jinin duk wanda ya kai harin taɓi. Haka nan a yi hattara da Knock Off, kada a mayar da Toxapex mai karɓar ta a kullum alhali takalmin ne jarinta. Sauya jinsi ta hanyar Tera, dabarar zubi na tara da ke canza wa halitta jinsi a tsakiyar wasa, shi ma yana da tsada: idan ta bar jinsin guba, ana iya sa mata guba, ta daina kwashe Toxic Spikes da shigarta, Toxic ɗinta ta koma tana iya kuskurewa, kuma Black Sludge ta koma tana cutar da ita. Horon kuwa a fara da maki 252 a jini, domin nan ne giɓinta yake, sannan a zaɓi ɓangaren kariya ɗaya gwargwadon buƙatar tawaga, ba a raba tsakani don tsoron komai ba.

Janyewa ba ta da ma'ana idan babu inda za a janye, saboda haka rauninta uku su ne ke tsara sauran tawaga. Corviknight, mai jinsin tashi da ƙarfe, harin ƙasa ba ya taɓa ta, kuma tana rage illar ƙarfin tunani. Ting-Lu, mai jinsin duhu da ƙasa, lantarki da ƙarfin tunani duk ba sa yi mata komai. Gliscor tana tsallake ƙasa da lantarki a lokaci guda. Bayan waɗannan, wajibi ne a samu aƙalla halitta ɗaya mai ƙarfin hari da za ta girbe abin da gubar da tarkon suka raunana, domin tawagar da duk garkuwa ce tana iya jan wasa, amma da waraka takwas kacal ba ta da tabbacin kai shi ƙarshe.

Laifi mai yawa yana wuyan ɗabi'ar kwafe tsari ba tare da duba zubin da aka rubuta shi dominsa ba, da kuma masu shirya bidiyo da ke yanke wa halitta hukuncin mutuwa daga jerin abin da aka cire mata, ba tare da sun nuna wasa ko ɗaya da aka buga ta yadda ya kamata ba. Maganin yana hannun ɗan wasa. Pokémon Showdown, dandalin intanet da ake buga irin wannan gasa a kansa, yana ba da damar ajiye wasa a sake kallonsa, don haka wanda ke zargin Toxapex ya buɗe wasanninsa da ya sha kaye, ya ƙirga kowace Recover da ya danna, ya tambayi kansa ko a wannan zagayen akwai abokiyar da za ta iya shigowa, sannan ya dubi abin da abokin karawa ya yi da zagayen. Idan mafi yawansu sun faɗa a wuraren da fita ta yiwu, to abin gyara shi ne yadda yake buga wasan, kuma sauya Toxapex da wata garkuwa ba zai hana shi maimaita wannan kuskure da ita ba.