Yadda Ake Zaɓen Sarbo Don Ƙaramin Jirgin Sama Mai Alkafura

A hutun da ya wuce na haɗa ɗan ƙaramin jirgin sama irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa. Wata huɗu na yi ina tara kuɗinsa. Ran da na fara gwada alkafura da shi, bai cika minti biyu a sama ba ya rikito ya ragargaje. Da na bincika sai na tarar wata 'yar na'ura da ba ta kai girman akwatin ashana ba ce ta ja mini wannan hasara. Sunanta sarbo.

Sarbo ɗan akwati ne mai ƙaramin inji da haƙoran giya a ciki, da ɗan hannu a waje. In matuƙi ya taɓa sandar rimot, sai saƙo ya isa jirgin, sarbo ya juya hannunsa, ya ja ɓangaren fiffike ko na wutsiya da ke motsi. Da haka jirgi ke hawa, ko sauka, ko mirginawa.

Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne ƙarfin juyi, wanda akan rubuta a jikin kwali da kilogiram-santimita. Alal misali, Futaba S3003 yana da kimanin 3.2 in an ba shi wuta bolt 4.8, da kimanin 4.1 a bolt 6. Ma'anar 3.2 ita ce, in tsawon hannun santimita 1 ne, zai iya riƙe kilo 3.2. In ka ƙara tsawon ya kai santimita 2, sai ƙarfin ya koma kilo 1.6. Wannan shi ne darasin nan na kimiyya da muke yi wa hamma a aji! Nan na yi kuskure. Na sa dogon hannu don wutsiya ta riƙa lanƙwasa sosai, ban san rabin ƙarfin na zubar ba. Ga shi kuma matsin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudu: in gudun jirgi ya ninka biyu, matsin sai ya ninka huɗu. Jirgina ya taho ƙasa a guje, na ja sanda, ɗan sarbo mai giram 9 da na saya saboda arha ya kasa, haƙoransa na roba suka kakkarye.

Sauri kuma akan auna shi da lokacin da hannun ke ɗauka ya juya digiri 60. Na S3003 daƙiƙa 0.23 ne a bolt 4.8. Ya isa mai koyo, amma mai alkafura yana son wanda ya fi haka hanzari.

Akwai wani hali da ba a rubuta shi a kwali, a ganina kuwa ya fi sauri muhimmanci, wato komawa tsakiya daidai. Ka ja sanda ka saki sau goma kana lura da wutsiya. In yau ta tsaya nan, gobe can, jirgin ba zai taɓa miƙewa ba. Haka nan ka kama ta da yatsa ka girgiza a hankali. In tana lilo, iska za ta iya kaɗa ta har ta tsinke.

Sarbo na dijital ya fi riƙo da komawa daidai, sai dai ya fi shan wuta. In batir bai ƙosar da shi ba, na'urar karɓar saƙo kan ɗauke na ɗan lokaci, jirgi ya zama ba matuƙi. Don haka a gwada motsa dukkan sarbo a tare tun ana ƙasa.

A sabon jirgin da nake haɗawa yanzu, na sa masu haƙoran ƙarfe, mafi ƙarfinsu kuma a wutsiyar tsaye, domin ita ke ɗauke da jirgi in yana tafiya a karkace, fiffike ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kuɗinsu ya sa sai na jira wani hutun kafin in sayi farfela.